Shin juya wayar sauti yana canza yadda kiɗa ke fita?

Tambaya: Na sayi wayar haɗa na'urar kiɗa da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), sai na ga alamar kibiya a jikinta. Mai sayarwa ya ce idan na juya ta sauti zai dushe, wai jan ƙarfen da ke ciki yana da gaba da baya. Da na gwada, kamar na ji bambanci. Mece ce gaskiyar lamarin?

Amsa: Malam mai tambaya, jan ƙarfen da ke cikin wayarka ba shi da gaba, ba shi da baya. Siginar sauti ba ta kwarara gefe ɗaya. Kai-komo take yi kamar zarto a hannun kafinta, kuma a sautin da kunnen ɗan Adam ke ji, wannan kai-komo yana faruwa ne daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan ko ta ina ka soka wayar, rabin lokaci wutar tana bin kibiyar, rabin lokaci tana saɓa mata. Masu cewa jan da ake yi wa ƙarfe a masana'anta yana jera ƙwayoyinsa su fuskanci gefe ɗaya sun manta cewa da hakan yana tare wuta ta wani ɓangare, da sauti ya gurɓace ko yaya aka ɗaura wayar, kuma da na'urorin awo, waɗanda suka fi kunne kaifi nesa ba kusa ba, sun nuna shi.

Sai dai ba kowace kibiya ce ta yaudara ba, kuma nan ne ya kamata ka lura. Wasu wayoyin RCA, wato wayoyin haɗa na'urorin sauti masu zagayayyen fulogi, suna da silin waya biyu a ciki, sannan a lulluɓe su da saƙar ƙarfe mai kare su daga hayaniyar lantarki. Akan haɗa wannan saƙa da fulogi a kai ɗaya kawai, galibi kan da ke wajen na'urar da sauti ke fitowa, a bar ɗaya kan a sake. Juya irin wannan waya yana iya ƙara ko rage ƙugin nan na wutar gida, mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, ko sau 60 a ƙasashe irin su Amurka. Abin da ya canza a nan shi ne hayaniya, ba zaƙin kiɗa ba, kuma idan babu ƙugi tun farko ba za ka ji komai ba. Akwai kuma wayoyin HDMI dogaye, na kai hoto da sauti zuwa talabijin, masu ƙananan na'urori a cikin kawunansu, waɗanda idan aka juya su ba sa aiki sam.

To, me ka ji da ka gwada? Ban ɗauka ƙarya kake yi ba. Cire fulogi da mayar da shi yana kankare datti da tsatsar da suka taru a bakinsa, wannan kaɗai yana iya gyara sauti. Bayan haka, ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin kamannin sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi, alhali kafin ka tashi ka zagaya bayan na'ura, ka laluba soket, ka dawo ka zauna, minti guda ya wuce, kanka ma ba ya daidai inda yake ɗazu. Uwa-uba, an riga an gaya maka abin da za ka ji. Idan kana son tabbaci, sa wani ya riƙa juya wayar ko ya bar ta yadda take ba tare da ka gani ba, kada a taɓa ƙarfin murya, ka rubuta hasashenka sau goma ko fiye, sannan ku kwatanta.

Abin da nake so ka mai da hankali a kai shi ne wayar lasifika, domin a can akwai juyin da ake ji da kunne sarai. Idan ka haɗa jar waya da baƙar waya daidai a lasifika ɗaya, ka sauya su a ɗayar, fatar ɗaya za ta turo iska lokacin da ta ɗayar ke ja da baya, sai kaurin sauti ya zube, muryar mawaƙi ta rasa mazauni a tsakiya. Ka duba wannan tukuna, sannan ka tabbata wayar tana da kauri gwargwadon tsawonta. Mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ta wadatar da lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki) a tazarar 'yan mitoci.