Jari-bola, tsintuwa ko kala?

Wata ɗaliba daga Zariya ta aiko da tambaya: "Malam, na karanta labarin wasu mutane a Amurka, suna da aikin yi, ba su rasa kuɗin cefane ba, amma da dare sai su zagaya bayan manyan kantuna su kwashe abincin da aka zubar, wai don ƙyamar almubazzaranci. Da Hausa 'yan jari-bola za mu ce musu?"

A'a 'yata, sunan bai hau ba. Su dai firigan suke kiran kansu, kalmar da ta fito a shekarun 1990 daga haɗin "kyauta" da "mai ƙin cin duk abin da ya fito daga dabba" a Turanci. Suna da alaƙa da ƙungiyar Food Not Bombs da aka kafa a 1980 a jihar Masacusets, wadda ke dafa abincin da za a zubar ta raba kyauta. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce: a 2011 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa, wajen tan biliyan 1.3, asararsa ake yi duk shekara.

To, ki saurari kalmar jari-bola da kyau, akwai jari a cikinta. Yaron da ke yawo da buhu da maganaɗisu a ɗaure a igiya, ƙarfe da roba yake tarawa ya kai sikeli a auna a biya shi. Ɗan kasuwa ne. Su kuwa waɗancan kasuwar ce ma suke gudu.

Tsintuwa ma ba ta yi ba, don ita abin da ya ɓace wa mai shi ne, shi ya sa ake cigiya, malaman fiƙihu ma suka ce har shekara guda idan abin mai daraja ne. Mai kanti bai yar da burodinsa bisa kuskure ba, da gangan ya fitar.

Ni kala nake zaɓa. Ba kalar launi ba, wannan aro ce daga Turanci. Kala ta gona nake nufi. In an gama girbi, an ɗaure dammuna an kwashe, sai mata da yara su shiga gonar suna tsintar zangarniyar da ta faɗi. A gonar gyaɗa za ki ga tsohuwa a durƙushe da guntuwar fartanya tana tonon inda aka riga aka cire, ƙwaya bibbiyu tana jefawa a ƙwarya, kafin la'asar ta haɗa abin miya. Mai gona yana gani ba zai ce uffan ba. Ba sata ba ce, ba kuma bara ba ce, tunda ba ta miƙa wa kowa hannu ba.

Daga nan aka sami "ya tsinci dami a kala". Mai kala zangarniya ɗai-ɗai yake sa rai, in ya ci karo da dami sukutum da aka manta, ai sa'a ta kai sa'a. Abin dariyar shi ne a titunan birnin Niyok na Amurka karin maganar ya rasa mamakinsa, don dami ne ake jibgewa kullum dare a cikin baƙaƙen leda, burodi da 'ya'yan itace, wasu ko buɗe su ba a yi ba. Faransa ma sai da ta yi doka a 2016 ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai sayu ba, ta ce a ba ƙungiyoyin agaji.

Inda kala ta gaza guda ne: tsohuwar nan ba adawa take da kowa ba, tuwon dare take nema. Don haka in za ki rubuta, ki ce "masu kalar ganin dama", sannan ki ƙara jimla ɗaya ta bayani.