Libarbar da kaka ya bari: a sayar, a ajiye, ko a miƙa wa hukuma?

Wani mai karatu daga Maraɗi ya ce sun tarar da tsohuwar libarba a akwatin kakansu, tsohon sojan Faransa. Wani dillali ya taya, shi kuma yana so ya san ko ta ainihi ce, kuma ko doka ta yarda ya sayar.

Malam, Allah ya jiƙan tsoho. Kafin maganar kuɗi, ka sani tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga dokar makamai a Nijar. Riƙe ta ba tare da izinin hukumomin cikin gida ba, laifi ne mai jawo ɗauri da tara. Ko kaka yana da takarda, da sunansa aka ba shi, ba a gadonta. Saboda haka kada ka sa ta cikin jaka ka kai wa dillali, balle ka bi hanyar Ɗan Isa da ita zuwa Jibiya. Ka je komisariya ko wurin jandarmomi hannu sake, da hotunanta da takardar mutuwar kaka da littafinsa na soja in yana nan. Abin da duk ka miƙa musu, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar bindigar.

Hotunan nan su ne za su nuna asalinta. In samfurin 1892 ce ta masana'antar Saint-Étienne da ke Faransa, tana cin harsashi 6 na milimita 8, kuma gangar da ake zuba harsashin dama take buɗewa. Wannan babbar alama ce, domin waɗanda aka ƙera a Sifen lokacin yaƙin 1914 zuwa 1918 don irin wannan harsashi galibi hagu suke buɗewa, kuma ba su kai ta daraja ba. A gefen dama za ka ga sunan masana'antar, a saman bututu "Mle 1892", kusa da shi harafin S da shekarar ƙira. In ka ga ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, tambarin Liège ne na Beljiyam. Duba lambar jikin bindigar, ka gwada ta da ta sauran sassa. In sun saɓa, haɗe-haɗe ce.

Yanzu lafiyarta. Tsatsar sama ba ta da illa sosai, wadda ta ci rami cikin bututu ita ke karya farashi. Rubutu mai dishi-dishi da gefuna da suka yi sulɓi na nuna an taɓa goge ƙarfen an sake masa baƙi. Don Allah kada ka kai wa maƙeri ya wanke ta. Goga yana cinye tambari, kuma bindigar da lambarta ta goge tana jawo wa mai ita zargi a gaban alƙali. Kada ka ja kunama, mai yiwuwa akwai harsashi a ciki tun zamanin kaka. Bar jami'i ya buɗe.

Ba kuma taka ba ce kai kaɗai. Dukiyar magada ce, sai a sa ta cikin takardar taron dangi da za a kai kotu, kowa ya sa hannu kan abin da aka yanke.

Bayan ka sanar, kana iya neman izinin riƙewa da sunanka, amma tun da makamin soja ne, ka shirya jin an ƙi. Kana iya miƙa ta ga CNCCAI, hukumar tattara haramtattun makamai da aka kafa a 1994, ko ku nemi a ba gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai da sunan kaka, wanda a ganina ya fi dacewa da kayan tsohon soja. Sayarwa sai da amincewar hukuma, ga mai izini kawai, a rubuce, da lamba da duk aibin da ka sani, domin kiran haɗe-haɗe ta ainihi damfara ce. In mai sayen yana son fita da ita waje, dokar 1997 kan kayan tarihi ma ta shigo, sai da izinin hukumar al'adu.