Koyar da yaƙin 'yancin Aljeriya da waƙa da wasan kwaikwayo: abin da na gani a ajina

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce 'yan SS2 ɗinki sun haddace shekarun yaƙin Aljeriya amma abin bai taɓa zuciyarsu ba, kina tambaya ko fim da waƙa da wasan kwaikwayo za su taimaka. Suna taimakawa ƙwarai, sai dai bari in gaya miki inda na yi tuntuɓe.

Shekarar farko na kunna musu fim ɗin Gillo Pontecorvo na 1966 kan gumurzun birnin Aljiyas. Da aka zo inda matan FLN, ƙungiyar da ta jagoranci yaƙin neman 'yancin, suka ajiye bam a wurin shan lemo ya tashi, sai aji ya ɓarke da tafi. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na mayar da fim baya, na tsayar da shi kan ɗan yaron da ke lasar askirim dab da fashewar, na ce su kalle shi. Aka yi tsit. Wata yarinya ta tambaye ni a hankali, "Malam, shi ma ya mutu?"

Tun daga ranar na daina farawa da fim. Da taken ƙasar Aljeriya nake buɗewa, Kassaman, wanda Mufdi Zakariya ya rubuta a kurkukun Barbarus a 1955. Da Larabci yake, don haka 'yan Islamiyya kan tsinci kalmomi da kansu. Su ne za su tambayi dalilin ɗaure mawaƙi, daga nan sai ki shigo da mamayar Faransa ta 1830, kisan kiyashin garin Setif da ya fara a 8 ga Mayu 1945, da ɓarkewar yaƙi ranar 1 ga Nuwamba 1954.

Wasan kwaikwayo ya fi komai tasiri. Muna jera tebura su zama shingen bincike a bakin Kasba, tsohuwar unguwar Musulmi a birnin Aljiyas. Kowa so yake ya zama ɗan gwagwarmaya, ba mai son zama harki, wato ɗan Aljeriyar da ya yi wa sojan Faransa aiki. Nakan ba yaron da ya fi kowa baki wannan matsayin, in sa shi ya rubuta abin da zai faɗa wa mahaifiyarsa bayan yarjejeniyar tsagaita wuta ta Ebiyan ta Maris 1962, lokacin da Faransa ta tafi ta bar da yawansu aka karkashe su. Wani ya karanta nasa muryarsa na rawa.

Ki ware mako uku. Ki kalli fim ɗin ke kaɗai tukuna, akwai wuraren azabtarwa da ya kamata ki tsallake, kuma ki sanar da shugaban makaranta kafin ki kunna.