Zuma ta harbi ɗana ya kumbura, ko yana bukatar allurar sabo da dafi?

Tambaya: Likita, daga wani ƙauye nake kusa da Ringim. Maigidana yana da amya a kan tsamiyar bayan gida. Zuma ta harbi ɗana mai shekara 4, hannun ya kumbura har gwiwa, jikinsa ya yi borin jini. Na ji akwai allurar da ke sa jiki ya saba da dafin. A yi masa?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Allurar nan akwai ta. Dafin zuma ko na rina ake tacewa, a riƙa sa wa mutum ɗan kaɗan a ƙarƙashin fata, mako-mako ana ƙarawa, sannan a koma wata-wata har shekara 3 zuwa 5. Tana kare kusan 8 cikin 10 na waɗanda zuma ke wahalarwa, na rina ma sun fi haka. Sai dai ita kanta takan tayar da abin da ake gudu, shi ya sa ake zaunar da mutum minti 30 a gaban likita bayan kowace allura. Ba aikin mai kemis ba ne.

Ni dai, bisa abin da kika faɗa, ban ga ɗanki yana bukatarta ba. Kumburin hannu, ko da ya kwana uku, da borin jinin da ya tsaya a fata, ba kasafai suke tsananta ga yara ba a harbi na gaba. Wanda ake yi wa shi ne yaron da bayan harbi numfashinsa ya sarƙe, muryarsa ta dushe, harshe ya kumbura, ko ya yi ta amai ya langaɓe kamar zai suma. Shi ma in bai kai shekara 5 ba, sai ƙwararru sun auna sosai.

Idan kika taɓa ganin ɗaya daga waɗannan alamu, kada ki tsaya shafa manja ko neman Piriton, ba sa buɗe maƙogwaro. A hau mashin zuwa asibiti mafi kusa a yi masa allurar adirenalin a cinya. Bayan mako 4 zuwa 6 ku nemi takardar tura ku sashen yara na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a duba shi.

In harbin na yau da kullum ne, ki sa farce ki kankare ƙarin da zumar ta bari a fata nan take, ki wanke, ki ɗora tsumma mai sanyi. Amyar nan kuwa, ki lallaɓa maigida ya mayar da ita gona, nesa da inda yara ke wasa.