Amsar Goggo Kan Wasan Mai Rawani

Ummi 'yata, salamu alaikum. Ya maigidan naki, ya mutanen unguwar Madina a Akra? Mu nan Aboabo a Kumasi sai godiya.

Saƙonki ya iso. Kin ce kin samo faifan tsohon wasan kwaikwayon Hausa na talabijin ɗin nan da muke yawan zancensa a gida, yanzu an fito da shi ana sayarwa, kin kalla kin yi dariya har da hawaye. Sai kika tambaye ni: matar nan da ta ƙi faɗin sunan mijinta har a gaban alƙali, da surukin da ya tuɓe takalmi tun daga bakin lungu, da gaske haka kuka yi zama ko wasa ne kawai? Ke kuma da ba ki cika shekara a ɗaki ba, me ya hau kanki a ciki?

Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru. Na ɗauka wasan nan ya tafi ke nan. Gidajen talabijin na wancan zamani kaset tsada yake musu, sai su goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai. Ko nan Gana, gobarar da ta ci ma'ajiyar GBC, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, a 1989 ta tafi da abubuwa masu yawa. Su Samanja da Ƙarkuzu kowa na tunawa da su, amma wannan ko sunansa ba ka ji a bakin mutane. Mu dai a gidanmu wasan mai rawani muke ce masa.

A Kumasi tasha ɗaya muke da ita lokacin, GBC, wadda ta fara talabijin a 1965, hoton ma bai zama mai launi ba sai 1985. Daren Lahadi muna kallon wasan Osofo Dadzie, daga baya Obra, dukansu da harshen Twi, muna ji muna dariya. Amma mu ga Bahaushe cikin akwatin nan da babbar riga yana faɗa da matarsa da harshenmu, wannan sai da kaset ya zo. Maƙwabcinmu yana cikin waɗanda aka koro daga Najeriya a 1983, shekarar fari da yunwa, abin da ya tsira da shi na'urar bidiyo ce. Da aka buɗe iyakar Najeriya a 1986, wani mai fataucin goro ya dawo mana da kaset da aka naɗo daga talabijin a can. Mun kalle shi har hoton ya koma kamar ana yayyafi.

Kin ga komai da idonki yanzu. Rawanin Alhajin da sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗaki. Gemun auduga da yake zamewa idan ya fusata, ya sa hannu ya mayar ya ci gaba da faɗa. Bangon katako da yake rawa in an bugo ƙofa. Falon nan guda shi ne gida, shi ne kotu, labule kawai ake sauyawa. Uwargida ta suma sau uku a zama ɗaya, kowane suma sai ta gyara ɗaurin kallabi tukuna. Duk muna ganin wannan, Ummi, ba wanda ya ruɗe mu. Ƙaunar da muke wa wasan a nan take. Mutanen nan ba su da kayan aiki, sai suka zuba jikinsu da muryarsu duka.

To ga amsarki. Al'adar gaskiya ce, su kuma sun ƙara mata gishiri da gangan. Matar wasan, da yake daga ranar Juma'a aka ciro sunan mijinta, sai ta fitar da Juma'a daga mako gaba ɗaya, tana cewa ranar da ke tsakanin Alhamis da Asabar. Ba wadda na sani da ta kai nan. Amma ni da bakina ban taɓa kiran marigayi maigidana da sunansa ba, shekara 34 muna tare. Malam nake cewa, da ya sauke farali ya zama Alhaji. In suna ya zama dole akwai hanyarsa: Musa a ce Kalla, Yusufu a ce Maitama, Ibrahim a ce Cigari. Ɗan fari ma haka, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa kaka ce ke ɗaukarsa bayan yaye. Ke kanki me ya sa muke ce miki Ummi? Sunan mahaifiyarmu kika ci. Babanki ba zai iya tsayawa tsakar gida ya ƙwala wa sunan uwarsa kira ya aike shi sayen gawayi ba. Tun ranar sunanki kina cikin al'adar nan.

Abin da faifan ba zai nuna miki ba shi ne tsakar gidan da aka kalle shi. Bayan isha'i ake fito da akwatin a ɗora kan tebur. Dattawa a benci, yara a tabarma can gaba, mu mata a baya wajen madafa. Surukin gida ba ya zama inda surukinsa yake, yana raɓe a bakin zaure. In aka zo inda Alhaji ke lallashin amarya, sai ki ga matan 'ya'ya sun tashi ɗaya bayan ɗaya, wai za su duba wuta. Ba wanda ya ce su tashi. Da aka nuno surukin nan yana rarrafe da takalmi a hannu, dariyar da aka yi rabinta ta wasan ce, rabi ta mutumin da ke tsugune a bakin zaure ce, shi ma yana murmushi kansa a ƙasa. Mun san ma'aunin abin, shi ya sa da suka zarce muka gane.

Game da ke, ga ra'ayina. Wannan kunya ce, ba farilla ba, kada wani ya ce miki zunubi ne faɗin sunan miji. A asibiti ko banki, ko wurin yin katin ɗan ƙasa, in an tambaye ki, faɗi sunansa sarai ba kewaye-kewaye. Ku biyu a ɗakinku kuma ba ruwan kowa. Amma a gaban mahaifiyarsa da mahaifinsa, ki ce maigida, in Allah ya kawo rabo ki ce baban wane. Ki rusuna in za ki gaishe su, kada ki miƙa musu abu a tsaye. Maƙwabtanmu Asante ma za ki ji mace ta ce me wura, wato maigidana, ba ta rasa sunan mijin ba ne. Na ɗan fari kuwa ba zan ɗora miki ba. Na yi shi, kuma har yau ina jin ciwon ranakun da yayanku yake kuka ina son ɗaukarsa, idon mutane ya hana ni. In kin haifa ki rungumi abinki.

Roƙona ɗaya, kada ki bar faifan a Akra. Ki zo da shi Babbar Sallah. Cikin waɗanda muka zauna a tsakar gidan nan mu huɗu muka rage, ɗaya idonta ya yi rauni amma kunnenta garau yake, kuma ta haddace maganganun uwargidan nan kaf. Zan sa a fito da talabijin waje, a shimfiɗa tabarmi. Ki zo da maigidan naki, babanki ma zai zo.

Ki gaishe mini da surukarki da kyau.

Goggonki, daga Kumasi.