Ina da ciwon suga, zan iya zuwa Wudil a keke?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 46, shekara bakwai ke nan ina fama da ciwon suga, ina shan metformin da glibenclamide. Matasan unguwarmu sun shirya tafiyar keke daga Kano zuwa Wudil don tara wa marayu kuɗi, saura wata biyu, ni ma na ba da sunana. Rabona da keke tun ina sakandare. Wane iri zan saya? Wani abokina kuma ya ce ranar in fita ban karya ba don sugan ya ƙone sosai. Uwargida dai hankalinta bai kwanta ba, har ta fara sa ni fargaba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da ladan niyya. Za ka iya, in dai likitanka ya duba zuciyarka da idonka da ƙafafunka bai ga matsala ba. Keke ma ya fi gudu sauƙi ga gwiwa da tafin ƙafa.

Zancen keken ba mai tsawo ba ne. Nemi mara nauyi, mai giya, mai birki mai ci. Tsohon Phoenix na kai kaya kasuwa ba na wannan tafiyar ba ne. A ɗaga sirdi yadda in feda ta sauka ƙasa gwiwarka za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Ka saye shi a makon nan, ka fara da minti 20, kana ƙarawa, domin kilomita wajen 40 ba a yi mata shigar sauri. Ban da silifas. Kambas da safa, kuma kullum ka dawo ka duba tsakanin yatsu, don ƙafar mai suga takan ji ciwo mai ita bai sani ba.

Shawarar abokin nan naka ce ta tsaya mini a rai. Kusan kullum sai na ji irinta a asibiti: wai mai ciwon suga, iya saukar sugansa iya lafiyarsa, kuma zaƙi ya haramta gare shi har abada. Wannan maganar tana kai mutane kushewa. Suga mai yawa yakan ɗauki shekaru yana ɓarna, amma wanda ya faɗi cikin mintoci yake kayar da mutum. Glibenclamide da kake sha matsa wa jiki yake ya fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da sugan jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Ka haɗa shi da cikin da babu komai, da feda, da rana, a titin da tireloli ke wucewa, me kake jira?

Na sha karɓar mutum an ɗauko shi ranga-ranga, gumi ya jiƙa riga sharkaf, yana surutai. 'Yan'uwa sun ce iska ce, an yi hayaƙi, an yi tofi, ga lemon kwalba a shagon ƙofar gida amma an hana shi, wai ai mai suga ne. Mu kuwa da an ɗura masa ruwan suga ta jijiya sai ya buɗe ido yana tambayar ina yake. Masu yawo da lasifika a bayan mota suna tallan garin da ke "wanke suga tas" su suka ƙara dagula lissafin, don babu wanda ya san abin da ke cikin ƙullin nan, balle yadda zai haɗu da ƙwayar asibiti.

Saboda haka ka karya kumallo, ka gwada suganka da na'ura kafin ka hau. In ka ga ƙasa da 90 (a ma'aunin mg/dL), ci wani abu tukuna. In ya haura 250 kuma jikin ba daɗi, ajiye keken. A hanya ka tsaya ka gwada duk bayan minti 30 zuwa 45. Da ka ji rawar hannu, gumi mai sanyi, yunwa ko gani ya fara dishi-dishi, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, sauka nan take. Sha rabin kwalbar lemo mai suga, ko ƙwayar sugan shayi huɗu, ko babban cokali guda na zuma, jira minti 15, sake gwadawa. Waɗannan su kasance a aljihunka, ba a motar da ke biye da ku ba. Ka gaya wa wanda zai jera da kai, ka kuma ja masa kunne: in mutum ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa.

Adadin ƙwayar maganin da za ka sha ranar kuwa, likitanka ne zai rage, ba kai ba, ba abokinka ba. Sannan sugan kan iya faɗuwa har awa 24 bayan tafiyar, galibi cikin barci. Daren ranar ka ci tuwonka, ka gwada kafin ka kwanta, a bar wa uwargida kwalin suga a gefen gado.