Motar da ke shan baƙin mai: kafin ka ɗauki sifana

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ku sauke injin Camry ɗin nan, alhali mai ita ya ce duk mako sai ya ƙara mata baƙin mai, kuma kowa a gareji ya ga hayaƙin da take yi. Ka ce ai magana ta ƙare, ringin fistin take so. Na ji daɗin tambayar. Mai yiwuwa ma ka yi daidai, amma ni da kai ba mu da shaida tukuna, kuma kuɗin da za a kashe na bawan Allah ne da ya ba mu amana.

Baƙin mai hanya biyu yake barin inji: ko ya zuba ƙasa, ko ya ƙone. Fara da mai sauƙin. A wanke injin, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Duba gasket ɗin murfin bawul, da sil ɗin gaba da na baya, wato robobin da ke tare mai, da gindin filta. Sau da yawa man da ke tsatsowa daga murfin bawul yana ɗiga kan bakin salansa mai zafi, hayaƙi ya taso ta bonet, mai mota ya zo a firgice yana cewa injinsa ya mutu. Sannan ka zaro sandar awon mai. In an cika ya wuce layin sama, wannan kaɗai yana sa hayaƙi. Kuma "duk mako" ba awo ba ne, don makon direban Illela da na ma'aikacin ofis ba ɗaya ba ne. Ka tsayar da ita a wuri mai daidai, ka cika zuwa layin sama, ka rubuta lambar mita, ya dawo bayan kilomita 1,000. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin layin sama da na ƙasa kusan lita ɗaya ne. Ka kula, motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne.

Launin hayaƙi ka san shi. Baƙi fetur ne ya yi yawa, ka nemi nozul ko sensa ko filtar iska, ba ruwan baƙin mai. Fari siriri da safe lokacin hunturu tururi ne, zai ɗauke. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto na raguwa, ga kumfa na tasowa, ko ka ga mai ya koma kamar shayi da madara, wannan gasket ɗin kan inji ne. Shuɗi shi ne namu. Sai dai a ranar Sakkwato da tsakar rana, shuɗi da fari duk ɗaya suke a ido. Ka duba shi a inuwa, ka yi aiki da hancinka, ka goga yatsa a bakin salansa in ta huce: toka busasshiya daban, maiƙo daban.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne lokacin da hayaƙin ke fita, domin nan ne ake raba aikin yini ɗaya da aikin mako guda. Mota ta kwana ba a taɓa ta ba. Ka tsaya a bayanta, wani ya tayar. In ta furzo shuɗi na ɗan lokaci sannan ta washe, ka zargi sil ɗin bawul. Roba ce ƙarama da ke rungume da sandar bawul; shekaru da zafi su busar da ita ta yi tauri, sai man da ya kwanta a saman inji ya riƙa silalowa cikin dare ya taru kan fistin. Da an tayar ya ƙone, shi ke nan. Gwaji na biyu: bar ta a silo kamar minti goma, sannan ka taka totur sau ɗaya. In ta yi aman shuɗi, su ne dai. Na uku a kan titi: wani ya tuƙa a bayafas, kai ka bi shi da mashin. Ya ɗauki gudu, ya saki totur tana cikin giya, sannan ya sake takawa. Lokacin da ya saki, injin na tsotsar iska da ƙarfi alhali ƙofar totur a rufe take, sai ya tsotso mai ta sil ɗin da ya saki. Amma in ka ga hayaƙin na ƙaruwa ne sa'ad da aka taka, ana jan kaya, kuma bai yankewa, to yanzu ka fara maganar ringi da bangon silinda.

Sil ɗin bawul ana iya canza shi ba tare da an ɗaga kan inji ba, a hura iska ta ramin fulogi ta riƙe bawul kada ya faɗa ciki. Ka ga bambancin kuɗin.

Akwai wani ƙaramin abu da yara ke tsallakewa, bawul ɗin numfashi da ke kan murfi, wanda tiyonsa ke komawa hanyar iska. Cire shi ka girgiza. In bai yi ƙara ba ya toshe, iska ta rasa mafita ta riƙa tura mai ta kowace kafa. In tiyon jiƙe yake da mai, ta nan injin ke sha. Kuɗinsa bai kai na galan ɗin mai ba. Buɗe murfin zuba mai kuma tana silo: ɗan huci ba komai, amma in tana bugo hayaƙi fuf-fuf har tana ture tafin hannunka, wuta na wuce ringi.

Fulogi kuwa ka jera su kan benci yadda suke a inji, kada ka cakuɗa. Mai a jikin fulogi ta waje daga robar murfi yake. Wanda bakinsa ya jiƙe, ko ya tara toka mai kauri, shi zai nuna maka silindar da ke ci. Daga nan sai ma'aunin kamfireshan: inji da ɗumi, duk fulogi a waje, an yanke fetur, totur a buɗe gaba ɗaya. Rubuta lambobin, kada ka dogara da ka. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 abin dubawa ne. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokali ɗaya na mai ka sake awo. In ta tashi, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ya ƙone tsakaninsu.

To ga inda wagga mota ke iya yaudarar ka. Fistin ringi uku gare shi: biyu na sama na riƙe matsi, na ƙasa na share mai daga bango ya mayar da shi ta wasu ƙananan ramuka. In gawayi ya toshe ramukan, ringin ƙasa ya manne, awo zai fito lafiya lau alhali mota na shan mai. Injin 2AZ-FE mai lita 2.4 da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009 an san shi da wannan. Toyota da kanta ta amsa a Amurka, ta sa ma'aunin kusan lita ɗaya a mil 1,200, ta riƙa canza fistin da ringi. Wani lokaci ma ba ka ganin hayaƙi sosai, don indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, na cinye shi, har ranar da shi ma zai toshe mota ta daina ja. Saboda haka in aikin ya kai ga buɗewa, sabon ringi kan fistin mai toshe asarar kuɗi ce. Haka in ka ja farce a saman silinda ka ji gaɓa: bango ya ci, sai an kai bulok borin an sa fistin mai girma.

Abin da ke cin bangon nan a garinmu ƙura ce. Ka ga yadda filtar iska ke fitowa bayan hazo. Ana ta bugun ta ana hurawa har ta huje, wasu ma su cire ta, yashi ya shiga yana goge silinda. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40; mota ta yi obahitin sau ɗaya mai tsanani, ringi ya saki ƙarfinsa. Ga man gorar bakin titi da ba a san asalinsa ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a ɗura wa irin wannan inji baƙin mai mai kauri na 20W-50 da maganin kauri don hayaƙi ya ɓoye. Injin da ke da VVT-i, tsarin da ke sarrafa lokacin buɗe bawul da matsin mai, hanyoyin mansa sirara ne, abin da aka rubuta a murfi shi za a ba shi.

Ba kowace mota mai shan mai ce za a buɗe ba. In shan kaɗan ne, fulogi ba ya jiƙewa, kuma mai ita mutum ne da zai duba sanda duk safiya, ka gaya masa gaskiya ya zaɓa. Wanda ba zai duba ba shi ne injinsa zai buga.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, makulli na wurina, kada kowa ya tayar da ita. Ka taho da takarda da biro, kai za ka tsaya a bayan salansa.